Sojan laimar da aka yi wa addu'ar mamaci yana raye

A watan Satumba na 1944 aka taru a wata cocin Katolika da ke Muskegon, wani garin masana'antu a bakin tafkin Michigan na Amurka, aka yi wa Joseph Beyrle addu'ar mamaci. Ma'aikatar yaƙi ta riga ta bugo wa iyayensa tangaraho cewa an kashe ɗansu a Faransa, takardun soja suka rubuta ranar 10 ga Yuni, jaridar garin kuma ta buga sanarwar rasuwa. A daidai wannan lokaci saurayin mai shekara 21 yana Jamus a bayan waya mai ƙaya, da ransa, yunwa na cin sa, yana lissafin hanyar tserewa.

An fi sanin Beyrle da abu guda: Ba'amurken da ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar ƙasarsa, sannan ya sake yin sa a cikin rundunar Tarayyar Sobiyet. Duk lokacin da Amurka da Rasha suka so tuna cewa sun taɓa zama abokan gwagwarmaya, sai a ɗauko sunansa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Mutumin jarumi ne, wannan babu ja a kai. Amma a sansanonin da aka tsare shi akwai dubban jarumai irinsa waɗanda ba su fita da rai ba, kuma abin da ya raba shi da su shi ne sunan ƙasar da ke rubuce a takardarsa. A duk mahaɗar da ransa ya kusa salwanta ko ya kuɓuta, idan aka duba da kyau, wata shaida ce ta yanke hukunci: lambar ƙarfe ta wuya, katin fursuna, wasiƙar wani babban hafsa, zanen yatsu.

An haife shi ranar 25 ga Agusta 1923, jikan Jamusawa 'yan ci-rani, a gidan ma'aikacin masana'anta da karayar tattalin arziƙin shekarun 1930 ta jigata. Da ya gama sakandare a 1942 ya samu gurbin karatu a jami'ar Notre Dame saboda ƙwarewarsa a wasanni, amma ya zaɓi shiga soja, kuma ya nemi a kai shi sojan laima. Aiki ne na sa-kai, ba a tilasta wa kowa, kuma ana ƙara wa kurtu dala 50 a wata, daidai da albashinsa gaba ɗaya. Aka kai shi sansanin Toccoa a jihar Georgia, inda Kanar Robert Sink yake horar da runduna ta 506, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin babbar rundunar laima ta 101. Akwai wani dutse a wurin mai suna Currahee da kuratan ke hawa a guje, mil uku hawa mil uku sauka, kuma a nan ake tankaɗe da rairaya. Beyrle ya ƙware a rediyo da kuma dasa nakiya. Daga nan aka kai su Ramsbury a Ingila. Shi kansa ya ba da labarin cewa tun kafin babban farmakin saukar dakaru a Normandy, a arewacin Faransa, an jefa shi ƙasar sau biyu, a Afrilu da Mayu na 1944, ɗauke da zinariya don 'yan gwagwarmayar ƙasar.

Kafin a fahimci yadda aka kama shi, sai an fahimci abin da ake nema daga sojan laima. Ana jefa shi ne a bayan abokan gaba, cikin dare, da abin da jikinsa zai iya ɗauka kawai, babu tanka babu manyan bindigogi, don ya riƙe gada ko mararraba na 'yan sa'o'i har dakarun ƙasa su iso. Dukkan dabarar ta rataya a kan abu biyu: a sauke shi inda aka tsara, kuma ya haɗu da 'yan'uwansa da wuri. A daren 5 wayewar 6 ga Yuni 1944 duka biyun suka wargaje. Jirage samfurin C-47 sama da 800 suka ɗauki sojojin laima na Amurka kimanin 13,000 zuwa Normandy. Da suka shiga sararin Faransa sai suka faɗa cikin gajimare mai kauri, jerin ya watse, bindigogin kakkaɓo jirage suka buɗe musu wuta, matuƙa suka riƙa kauce-kauce suna ƙara gudu. Wasu sojojin aka zubar da su nesa da inda ake nufi da kilomitoci da yawa. Wasu suka faɗa cikin fadamun kogin Douve da Merderet da Jamusawa suka cika da ruwa da gangan, nauyin kayansu ya danne su suka nutse a ruwan da bai kai tsayin mutum ba.

Bataliya ta uku ta rundunar 506, wadda Beyrle yake ciki, an ba ta aikin kama wasu gadoji biyu na katako a kan Douve, don kada Jamusawa su turo ƙarin ƙarfi daga Carentan zuwa gaɓar Utah inda jiragen ruwa za su sauke dakaru da asuba. Rashin sa'arsu, filin da aka zaɓa musu Jamusawa ma sun gane ya dace da saukar laima, sun girke bindigogi suna jira. An harbe kwamandan bataliyar, Laftanar Kanar Robert Wolverton, yana rataye a bishiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Beyrle ya yi tsalle daga tsayin da bai fi mita 120 ba, wanda da ƙyar laima ke gama buɗewa, ya sauka a kan rufin cocin ƙauyen Saint-Côme-du-Mont. Bai sake ganin rukuninsa ba. Shi kaɗai ya yi ta yawo cikin shingayen gonaki, ya tarwatsa wata tashar lantarki da nakiyar da ke jikinsa, har ya faɗa hannun Jamusawa.

A nan aka raba shi da lambarsa. Kowane sojan Amurka yana rataye da 'yan ƙarafa biyu a wuya, an buga sunansa da lambarsa da rukunin jininsa a kai, kuma a filin daga su ne mutum. Masu tattara gawa ba su san fuskar kowa ba, lamba suke karantawa. Da aka samu wata gawa a Normandy ɗauke da lambar Beyrle, sai aka rubuta ya mutu, rahoton ya bi matakala har ya isa ƙofar gidansu a Muskegon.

Wata bakwai ya yi a tsare, aka yi ta yawo da shi sansani bakwai. Akwai hotonsa da Jamusawa suka ɗauka a sansanin Stalag XII-A, riƙe da allon lambar fursuna, ya haɗe rai yana hararar mai ɗaukar hoton kamar zai fito daga cikin takardar. Duk wanda ya ga hoton zai gane cewa wannan ba mai zama ya jira ƙarshen yaƙi ba ne. Daga ƙarshe aka kai shi Stalag III-C a Alt Drewitz, kusa da Küstrin a gabashin kogin Oder, yankin da yau yake cikin Poland.

Daga can ne shi da abokansa biyu suka yi amfani da taba sigari, wadda ita ce kuɗin sansani, suka saye mai gadi suka fice. Suka ɗare jirgin ƙasa da nufin ya kai su gabas wajen Poland, sai ya sauke su a Berlin, tsakiyar gidan maƙiyi. Ba su daɗe ba suka faɗa hannun Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitler, waɗanda suka ɗauke su 'yan leƙen asirin da aka jefo ta sama. An yi musu dukan kawo wuƙa, an rataye Beyrle da hannayensa ɗaure ta baya har kafaɗunsa suka goce. Abin da ya cece su shi ne zuwan hafsoshin sojan Jamus, waɗanda suka ce waɗannan fursunonin yaƙi ne masu rajista, hurumin soja ne, Gestapo ba ta da iko a kansu. Aka mayar da su Stalag III-C aka kulle su a ɗakin kaɗaici.

Wannan gaɓar ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin ana yawan ba da ita kamar labarin sojan Jamus mai mutunci da ya ƙwaci bayin Allah daga hannun azzalumai. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan fursunonin yaƙi ta tanadi cewa wanda ya tsere aka sake kama shi ba a yi masa komai sai horon ladabtarwa, kuma tsarewar ba za ta wuce kwana 30 ba. Jamus ta sa hannu, Amurka da Birtaniya ma haka. Switzerland ce ke wakiltar muradun Amurka, jami'anta da na ƙungiyar Red Cross suna ziyartar sansanoni, suna karɓar jerin sunaye, suna kawo kwalayen abinci masu nauyin kusan kilo biyar waɗanda suka hana fursunoni da yawa mutuwa da yunwa. Bayan wannan kuma akwai lissafi mai sauƙi: zuwa ƙarshen yaƙin Jamusawa fiye da 370,000 ne ke tsare a sansanonin cikin Amurka. Duk abin da ka yi wa ɗan wani, naka yana hannunsa. Sakamakon a bayyane yake cikin alƙaluma. Daga Amurkawa kimanin 93,000 da Jamus ta tsare, waɗanda suka mutu a hannunta ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.

To a duba ɗaya ɓangaren shingen. Jamus ta kama sojojin Sobiyet kimanin miliyan 5.7, kuma kusan miliyan 3.3 daga cikinsu suka mutu a tsare, akasari da yunwa da sanyi da cuta da harbi. Rundunar sojan da ta je ta karɓo Beyrle daga Gestapo ita ce ke tafiyar da waɗannan sansanoni. Hujjar da ta kafa ita ce Mosko ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1929 ba. A watan Satumba na 1941 shugaban leƙen asirin soja, Admiral Canaris, ya rubuta ƙorafi cewa dokokin yaƙi na al'ada sun haramta wannan ko da babu sa hannu, shugaban babbar hedikwatar sojan Jamus, Wilhelm Keitel, ya yi watsi da ƙorafin bisa cewa wannan yaƙi ne na kawar da wata aƙida. Wannan amsa tana cikin hujjojin da aka gabatar a shari'ar da aka yi wa manyan jami'an Hitler a Nuremberg, inda aka rataye Keitel a 1946. A Stalag III-C kanta, inda Beyrle yake karɓar kwalin Red Cross, dubban fursunonin Sobiyet suka mutu. Har batun tserewa an bambanta: wani umarni na watan Maris 1944 ya ce hafsa ko ƙaramin hafsa da ya tsere aka kama shi a miƙa shi ga 'yan sandan ciki a kai shi sansanin Mauthausen a kashe, amma aka ware Amurkawa da Turawan Birtaniya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma fursunan Sobiyet ba shi da kowa a gindin murhun, domin Stalin kansa, a umarninsa mai lamba 270 na Agusta 1941, ya ɗauki miƙa wuya a matsayin cin amanar ƙasa.

Wannan bambanci ya taɓa mu kai tsaye. Faransa ta ɗebi dubban sojoji daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, har da Nijar, ta kai su yaƙin 1940. Suna sanye da kakin Faransa, ƙasar da ta sa hannu a Geneva, amma a wurare da dama sojojin Jamus suka ware baƙaƙe daga farare suka harbe su bayan sun ajiye makami, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon a watan Yunin wannan shekara. Waɗanda suka tsira aka tsare su a sansanoni cikin Faransa, don ba a so su taka ƙasar Jamus. Kuma ranar 1 ga Disamba 1944, lokacin da Beyrle yake jinyar kafaɗunsa a Alt Drewitz, sojan Faransa ya buɗe wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar a kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka da suka dawo suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 aka kashe, masana tarihi da yawa kuma suna ganin adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Doka ɗaya ce a rubuce, amma ba ta yi aiki sai ga wanda ke da ƙasa mai ƙarfi da ke ƙirga 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Ko ga Turawan Yamma ma kariyar ba ta da tabbas, kada a ɗauka Beyrle yana cikin aminci ne. Tun Oktoba 1942 Hitler ya ba da umarnin a kashe duk wani kwamando da aka kama yana aikin ɓarna a bayan fage, ko yana cikin kaki. A Maris 1944, bayan fursunoni 76 sun tsere ta rami daga sansanin Stalag Luft III, Gestapo ta harbe 50 daga cikin waɗanda aka sake kamawa. Mutum mai sunan Jamusawa, ƙwararre a nakiya, an kama shi a Berlin, kowace alama tana nuna shi a matsayin wanda za a kai bango. Katin rajistarsa na sansani ne ya tabbatar da cewa ba jiya aka jefo shi ba.

A farkon Janairu 1945 ya sake tserewa. A yadda ya ba da labari, sun ɓuya ne cikin ganguna a bayan keken doki, aka gano su aka harbe abokansa biyu, shi kuwa ya bi cikin rafi don karnuka su rasa ƙanshinsa. Wannan karon bai nemi jirgi ba, ƙarar manyan bindigogi ya bi zuwa gabas. Lokacin ya yi masa daidai. Ranar 12 ga Janairu dakarun Sobiyet suka fara babban farmakin da ya ɗauke su daga kogin Vistula zuwa Oder cikin mako uku, har suka tsaya kimanin kilomita 70 daga Berlin. Da ya hangi tankokinsu sai ya fito hannu sama, riƙe da kwalin sigarin Lucky Strike, yana ɗaga murya da 'yan kalmomin Rashanci da ya sani cewa shi Ba'amurke ne, aboki. Ba shi da wata takarda a jikinsa, kwalin tabar ne fasfonsa.

Ƙa'ida ita ce a tura shi baya wajen da ake tara waɗanda aka 'yanto. Ya roƙi a bar shi ya yi yaƙi, kwamandan rukunin, wadda ya ce mace ce, ta amince. Wasu marubuta suna danganta ta da Aleksandra Samusenko, hafsar tankoki a rundunar Janar Katukov, wadda ta rasu a fagen daga a Maris 1945. Dalilin amincewar ba boyayye ba ne ga wanda ya san halin da rundunonin tanka ke ciki a lokacin: suna gudu gaba fiye da yadda sojan ƙasa zai bi su, masu hawa bayan tanka suna ƙarewa kullum, ga shi kuma mutumin ya san kan nakiyar Amurka, wadda ke cikin kayan da Washington ke aika wa Mosko tare da motoci da tankokin Sherman. Aka ba shi bindiga ya hau bayan tanka. A ƙarshen Janairu rukunin ya isa Stalag III-C, sansanin da ya tsere daga ciki makonni kaɗan da suka wuce. Ya ce shi aka sa ya fasa akwatin ƙarfen ofishin kwamandan sansanin, kuma a cikin takardun wurin ya ɗauko katinsa na fursuna mai ɗauke da wannan hoton.

Bai kai Berlin da su ba. A farkon Fabrairu jiragen Jamus masu kai hari ta sama suka far wa ayarinsu, ya samu mummunan rauni, aka kai shi asibitin soja a Landsberg, garin da yau ake kira Gorzów Wielkopolski. Marshal Georgy Zhukov, wanda ke jagorantar dukkan dakarun wannan fagen, ya zo duba majinyata, ya ji akwai Ba'amurke, ya tsaya a gadonsa. Abin da Beyrle ya roƙa shi ne takardar da za ta nuna ko shi wane ne. Duk wanda ya san abin da ake yi wa baƙon da ba shi da shaida a bayan dakarun Sobiyet a 1945 zai gane cewa ya roƙi abin da ya dace. Da wannan takarda ya ratsa har Mosko.

A ofishin jakadancin ƙasarsa kuma sai ya tarar shi mamaci ne. Bai kamata a yi saurin zargin jami'an ofishin ba. Wata biyu kacal kafin nan, a dajin Ardennes, Jamusawa ƙarƙashin Otto Skorzeny sun sa kakin Amurka sun kutsa cikin dakarunta, kuma ga wani ya bullo daga gabas yana da'awar sunan mutumin da rajista ta ce an binne a Faransa. Aka ajiye shi ƙarƙashin gadi a otal ɗin Metropol har aka gwada zanen yatsunsa da wanda aka ɗauka ranar da ya shiga soja. Da suka yi daidai, sai aka mayar masa da sunansa.

Ya bi hanyar da aka tanadar wa fursunonin Yamma bayan yarjejeniyar Yalta ta 11 ga Fabrairu, wato ta tashar ruwa ta Odessa. A waɗannan makonni shugaban Amurka Roosevelt da Stalin suna musayar saƙonni masu zafi kan Amurkawan da aka 'yanto suke gararamba a Poland ba mai kula da su, alamar farko ta tsamin da zai biyo bayan yaƙin. Fursunonin Sobiyet da suka rayu kuwa, da aka mayar da su gida, sai da suka bi ta sansanonin tantancewa, wasu daga can aka wuce da su aikin ƙarfi. Beyrle ya isa Michigan ranar 21 ga Afrilu 1945, saura ƙasa da mako uku Jamus ta miƙa wuya.

A 1946 ya yi aure a cocin da aka yi masa addu'ar mamaci, kuma limamin da ya jagoranci waccan addu'ar shi ya ɗaura auren. Ya yi shekara 28 yana aiki a kamfanin Brunswick, a shekarun da faɗin cewa ka yi yaƙi tare da Rashawa ba abin tinƙaho ba ne a Amurka. Sai a 1994, lokacin cika shekara 50 da saukar Normandy, Bill Clinton da Boris Yeltsin suka karrama shi tare a fadar White House. Ɗansa John Beyrle ya koyi Rashanci ya shiga aikin diflomasiyya, kuma daga 2008 zuwa 2012 shi ne jakadan Amurka a Mosko, shugaban ofishin da ya taɓa tsare mahaifinsa har sai an tabbatar da ko wane ne.

Uban bai ga wannan ba. Ranar 12 ga Disamba 2004 zuciyarsa ta tsaya yana barci a garin Toccoa, inda ya je ziyara, a gindin dutsen da ya hau a guje yana ɗan shekara 19. Yana da shekara 81. A watan Afrilu na 2005 aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, shekara 60 da 'yan watanni bayan addu'ar Muskegon.